Kaɗi da Saƙa da Ɗinki a Karkarar Katsina da Daura: Misali Daga Ƙasar Mashi

Gabatarwa

Bahaushe yana kiran tufafi sutura, yana kuma kiran jana'izar mamaci sutura. Watau a ganinsa mutum yana bukatar a rufa masa asiri da ƙyalle tun daga zanen goyo har zuwa likkafani. Tambayar da wannan lacca za ta yi ƙoƙarin amsawa ita ce, daga ina talakan karkara yake samun wannan ƙyalle kafin zuwan yadin kanti, kuma me ya sami hannuwan da suke yin sa?

An zaɓi ƙasar Mashi don ta zama abin misali. Mashi tana kan hanyar da ta haɗa birnin Katsina da Daura, ƙasarta kuma ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar ta arewa. Ƙasa ce ta manoman gero da dawa da wake da gyaɗa, inda damina ba ta cika wuce wata huɗu ba. Ba ta yi suna da saƙa ko rini kamar Kano ko Kura ba, kuma wannan shi ne amfaninta ga mai nazari, domin abin da ake son a duba shi ne tufar da aka yi a gida don mutanen gida, da 'yar rarar da ake kai wa kasuwa.

Matsayin tufa a tarihin ƙasar

A cikin labarin Bayajida da Hausa Bakwai, wanda cibiyarsa take Daura, an ce an raba wa 'ya'yan Bawo ayyuka. Kano da Rano su ne sarakunan baba, Katsina da Daura sarakunan kasuwa, Gobir sarkin yaƙi, Zazzau kuwa sarkin bayi. Ko da masana tarihi suna da ja a kan labarin, rabon da aka yi ya nuna yadda Hausawan da suka ɗauki sha'anin tufa: baba, watau ganyen rini, ya isa a ba ƙasa biyu sarautarsa, wasu ƙasashe biyu kuma su riƙe cinikin abin da aka rina.

A ƙarni na 18 birnin Katsina shi ne babbar mashigar fataken Sahara a ƙasar Hausa. Bayan jihadin da aka fara a 1804, sarakunan Haɓe na Katsina suka koma arewa suka kafa Maraɗi, yaƙe-yaƙe suka yi yawa a kan iyaka, sai ciniki ya karkata zuwa Kano. Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, wanda ya ratsa Katsina ya isa Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufar da ƙasar Kano take sayarwa ƙasashen waje a shekara ta kai ta wuri miliyan 300, kuma ana kai ta har Tambutu da Murzuk da Tarabulus. Abin da ya fi ba shi sha'awa shi ne, duk wannan aiki a cikin gidaje ake yin sa, ba a tara mutane a manyan masana'antu irin na Turai ba. Sarakuna ma sun san darajar abin, shi ya sa akwai kuɗin karofi a cikin harajin da ake karɓa. Ƙauyukan Katsina da Daura suna cikin wannan babban tsari, suna ba da zare da farin ƙyalle, suna sayen rinannen kaya mai tsada in biki ko salla ta zo.

Daga gona zuwa mazari

Aikin tufa yana farawa ne da kaka, bayan an tsince auduga. Ƙasar da ta fi auduga a lardin Katsina ita ce ta kudu, wajen Funtuwa da Malumfashi da Bakori, inda ruwa ya fi yawa, ƙasa kuma ta fi nauyi. A arewa kuwa sai dai 'yar gona a gefen fadama ko bayan gida, abin da ya gaza kuma a sayo a kasuwa. Daga nan sai aiki ya koma hannun mata.

Da farko akan yi gurza. Mace takan ɗora auduga a kan dutse mai santsi ko katako, ta riƙa murza ta da wani siririn ƙarfe, watau magurji, har angurya ta fita. Anguryar ba a zubar da ita, iri ce ta baɗi, abinci ce kuma ga dabbobi. Sai a yi shiɓa, ana kaɗa tsarkiyar ɗan ƙaramin baka, masaɓi, a cikin audugar har ta warware ta tashi kamar kumfa. Bayan nan a naɗa ta sutu, a ajiye cikin taskira.

Kaɗi shi ne aikin da ya fi kowane cin lokaci. Mazari siririn tsinke ne mai gululu na yumɓu a gindinsa, wanda nauyinsa yake sa shi ya daɗe yana juyawa. Mai kaɗi takan riƙe sutu da hagu, ta murza mazari da dama, tana shafa alli a yatsunta don kada gumi ya hana murzawa. Zare iri biyu take fitarwa. Akwai siriri mai ƙarfi wanda aka murɗe sosai, shi ake miƙewa a tsaye a kan masaƙa, domin shi zai jure ja. Akwai kuma abawa, mai kauri da laushi, ita ake gittawa. Tun da yake masaƙi ɗaya yana cinye zaren da mata da dama suka kaɗa, kusan babu gidan da ba a kaɗi, daga amarya har tsohuwa. A nan ne ya kamata a lura da wani abu: kuɗin zare na mace ne ita kaɗai. Da shi take zubin adashi, da shi take yin biki, da shi take tara wa 'yarta kayan ɗaki, kuma duk tana zaune cikin gida, ba ta keta kulle ba.

Masaƙa iri biyu

Saƙar maza aikin rani ce. In an gama girbi, manomi yakan kafa masaƙarsa a ƙarƙashin inuwa ko cikin rumfa. Kafin ya fara sai ya yi waɗari, watau ya jera zaren tsaye a kan turaku gwargwadon tsawon da yake so, sa'an nan ya zura shi cikin andira da matsefi. Ƙarshen zaren yakan ɗaure shi a jikin kunkuru, wani ɗan katako da ake ɗora wa dutse a can nesa da shi, wanda yake matsowa sannu a hankali yayin da saƙa take ci. Ƙafafunsa suna taka sanduna suna buɗe zare, hannuwansa suna jefa ƙoshiya mai ɗauke da kwarkwaro daga dama zuwa hagu. Abin da yake fitowa doguwar ƙwarya ce wadda faɗinta bai cika wuce inci huɗu ba, ta turkuɗi ma ba ta kai inci guda.

Saƙar mata daban take. Masaƙarsu a tsaye take a cikin ɗaki ko a tsakar gida, ba ta da matakai, da hannu ake ɗaga zare a buga shi da wani faffaɗan itace. Ba ta da sauri, amma ƙyallenta yana da faɗi da kauri, ya dace da gwado da majayi na goyo.

Kowace saƙa da sunanta. Akwai fari ko sawaye, wanda shi ne na yau da kullum, shi ne kuma na likkafani. Akwai saƙi, mai zane-zanen baƙi da fari kamar jikin zabo. Akwai luru, na rufa da sanyi. Akwai tsamiya, wadda ake yi da silikin wata tsutsa da take saƙa gidanta a jikin itatuwa, musamman tsamiya, daga nan ma ta sami sunan. Akwai kuma barage, mai ratsin alharini ja wanda fatake suke kawowa daga Tarabulus. Tsamiya da barage kayan masu hali ne, talakan ƙauye sai dai ya gan su a jikin hakimi.

Karofi

Abin da Bakano yake kira marina, shi Bakatsine yake kira karofi, har akwai gari mai wannan suna a ƙasar Katsina. Ramuka ne masu zurfi da ake shafe cikinsu da laso don kada ruwa ya tsiyaye. A cika rami da ruwa, a zuba busasshen baba da toka da katsi, a bar shi kwanaki yana ruɓa, ana motsa shi kullum da dogon itace. Ilimin kimiyya ya bayyana sirrin abin. Launin baba ba ya narkewa cikin ruwa haka kawai, sai ruɓar ta cinye iskar da take cikin ruwan, toka kuma ta ba shi kaifi, sa'an nan ya narke ya shiga zare. Shi ya sa ƙyalle yakan fito daga rami da ɗan kore-kore, sai ya sha iska ya koma shuɗi, launin ya kama. Yawan tsomawa da shanyawa shi yake kai shi ga baƙi. Wanda ake so ya yi ƙyalli, kamar rawani ɗan Kura da Buzaye suke ji da shi, sai a kai shi mabuga a barbaɗa masa shuni a yi ta bugu a kan gungume. Marinar Ƙofar Mata ta Kano, wadda ake cewa an kafa ta a 1498, tana nan har yanzu ga mai son ya ga aikin da idonsa.

Maɗinki

Tun da ƙwarya siririya ce, babu tufar da za ta samu sai da allura. Maɗinki yakan yanka ƙwarya daidai tsawon da ake bukata, ya jera, ya haɗa baki da baki da ɗinki ƙanana har ta zama shimfiɗa guda. Wannan shi ya sa yankan tufafin Hausa na asali duk a miƙe yake: zane da taguwa da 'yar shara da babbar riga, duk murabba'i ne aka harhaɗa, ba a ɓarnar ko ƙyalle ɗaya. Wando buje da kamun ƙafa su ma da ƙusurwoyi ake cika faɗinsu.

Ɗinki a ƙasar Hausa sana'ar maza ce tun asali, ta kuma fi yawa a hannun malamai da gardawa. Dalili kuwa a fili yake. Sana'a ce mai tsabta, ba ta bukatar jari sai allura da zare, ana yin ta a zaune a zaure ana sauraron karatu, in ci-rani ya kama kuma a sa ta cikin gafaka a tafi. Haka kuma hannun da ya saba da alƙalami da zayyanar allo shi ya fi dacewa ya zana aikin riga. Mai zane yakan fitar da aska biyu ko aska takwas da tambari a kan ƙyalle, masu allura su bi sawunsa, riga ɗaya ta ɗauki watanni. Irin wannan aiki mai nauyi ya fi ƙarfi a birane da garuruwa irin su Zariya da Wudil. Maɗinkin ƙauye kuwa yawancin aikinsa taguwar yara ce da wandon noma da hula da faci, sau da yawa ma da damin hatsi ake biyan sa.

Yadda abin ya warware

Turawan Ingila sun ci ƙasar Kano da Katsina a 1903. Shekara guda kafin haka, a 1902, masu masaƙun Manchesta suka kafa ƙungiyar BCGA don neman auduga a ƙasashen da Ingila take mulki, sun kuwa ɗora babban buri a kan Nijeriya ta Arewa. Aka kawo irin auduga na Amurka mai suna Allen, aka kafa injunan gurza a Zariya da Funtuwa da Gusau da wasu wurare, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911. Amma da farko burin bai cika ba, domin masu kaɗi da masaƙan gida suna sayen auduga da kuɗin da ya fi wanda kamfanin yake bayarwa, manoman arewa kuma suka ga gyaɗa ta fi riba. Wannan ya nuna cewa sana'ar ba ta faɗi da zuwan Turawa nan take ba, ta yi shekaru tana kokawa.

Rushewar ta zo ne daki-daki. Kaɗi ne ya fara jin jiki, domin zaren inji ya fi na hannu araha da daidaito, masaƙa da kansu suka koma sayensa. Rini ya biyo baya, tun da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da baba na kimiyya a 1897, daga baya garin rini ya cika kasuwanni, mai tukunya da itace ya gama a yini abin da karofi yake yi a kwanaki. Sai akoko da alawayyo da atamfa da shadda suka shigo kantuna, amarya ta fara jin kunyar a sa mata saƙi a lefe. A 1957 aka buɗe masaƙar zamani ta farko a Kaduna a zamanin Sardauna Ahmadu Bello, wasu suka biyo bayanta, yadi ya ƙara araha. Farin da aka yi a 1973 da 1984 ya ƙara korar auduga daga arewacin Katsina, ya kuma tura samari birni. A 1986 gwamnati ta rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da ta auduga.

Abin mamaki shi ne, masaƙun zamanin da suka ture masaƙin ƙauye su ma ba su tsira ba. Rashin wutar lantarki da tsadar man inji da fasa-ƙwauri da yadin Sin mai araha sun durƙusar da su, har ita masaƙar Kaduna ta farko ta rufe a 2002. Yau mafi yawan yadin da ake saro wa daga Kantin Kwari a kai kasuwannin ƙauye, daga ƙasashen waje ya fito. Masu iya magana sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Ɗinki ne kaɗai ya tsira, ya ma ƙara bunƙasa. Keken Singer, daga baya kuma Butterfly na Sin mai sauƙin kuɗi, ya mai da maɗinki tela, babu kuma ƙauyen da za a rasa ƙarar keke a daren salla. Dalilin tsirarsa shi ne, ana iya ɗaure yadi diloli a kawo daga bangon duniya, amma jamfa da kaftani sai an auna mai su. Mata ma sun shiga sana'ar, ga ɗinkin keke ga aikin hula, a birnin Zariya kuwa tun daga shekarun 1970 suka karɓi aikin babbar riga na hannu wanda a da na maza ne.

Abin da aka rasa

Hasara ta farko ta dukiya ce. A da kuɗin tufa yana zagayawa ne a cikin gari, daga manomi zuwa mai kaɗi, zuwa masaƙi, zuwa marini, zuwa maɗinki. Yanzu ladan ɗinki kaɗai yake tsayawa, sauran ya bi mota ya tafi. Manomi ya rasa aikin rani, matar kulle ta rasa sana'ar da ta fi kowace sauƙin jari.

Hasara ta biyu ta harshe ce. Har gobe ana cewa an gano bakin zaren, ko wane yana saƙa da mugun zare, ko ya kwana yana saƙa da warwara, ko an ɗinke ɓaraka, ko allura ta tono garma. Waɗannan sun rayu domin sun rabu da sana'ar sun shiga maganar kowa. Amma sutu da gululu da andira da waɗari ba su da inda za su fake. Yaron da bai taɓa ganin mazari ba, in aka ce masa jikin wane yana rawa kamar mazari, ya ji maganar amma hoton da yake cikinta ya wuce shi. Ƙamus yana iya adana kalma, amma ba ya iya nuna yadda yatsa yake murza tsinke.

Abin da wasu ƙasashe suka yi

Ba ƙasar Hausa kaɗai inji ya tarar ba. A karkarar Donegal ta ƙasar Ailan, mata suna kaɗa gashin tumaki maza suna saƙawa a gida, kamar dai yadda aka bayyana a nan, yadin nan nasu kuma ya rayu domin an sama masa kasuwa ta masu neman abin hannu. A Sikotilan an yi doka a 1993 wadda ta ce ba a kiran yadi Harris Tweed sai wanda mutanen tsibiran suka saƙa da hannu a gidajensu. A kusa kuma, Thomas Sankara, wanda ya mulki Burkina Faso daga 1983 zuwa 1987, ya sa ma'aikatan gwamnati sanya saƙar ƙasarsu, Faso Dan Fani. Yarbawa ba su yar da aso oke a bukukuwansu ba, a 2024 kuma hukumar UNESCO ta sa saƙar kente ta Gana cikin jerin al'adun duniya da ake tattalinsu. Darasin duk ɗaya ne. Saƙar hannu ba za ta yi gasa da inji a wajen araha ba, amma tana rayuwa in aka ba ta wani matsayi na daraja wanda yadin kanti ba ya iya hawa.

Kammalawa

Babu mai hankalin da zai ce a mai da mata kan mazari don a tufatar da miliyoyin mutane. Abin da zai yiwu ya fi wannan ƙanƙanta, kuma yana da gaggawa. Na farko, sassan Hausa na jami'o'i, musamman Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da take Katsina, su tura ɗalibai ƙauyukan Mashi da Mani da Daura da Zango su nemi tsofaffin da suka yi kaɗi da saƙa da hannunsu, su ɗauki maganarsu da hoton aikinsu, su rubuta sunan kowane kayan aiki yadda mutanen wurin suke faɗarsa. Wayar hannu ta isa wannan aiki. Na biyu, a tattara mazarai da masaƙu da tsofaffin gwaduna da suke cikin adakokin gidaje a kai gidan tarihi, kowane da sunan garin da ya fito. Na uku, masarautun Katsina da Daura suna da ikon da ya fi na kowa a nan, domin su ne masu naɗi da hawan salla. In aka ce rigar da sarki zai ba wanda ya naɗa ta zama saƙar ƙasar, iyaye kuma suka mai da saƙi ko gwado guda cikin kayan lefe, masaƙi zai sami dalilin koya wa ɗansa.

Matan da suka yi kaɗi tun suna 'yan mata a shekarun 1950 da 1960 yanzu sun tsufa ƙwarai, kowace shekara kuma ana raguwa. Ɗalibin da zai je ya zauna gaban ɗaya daga cikinsu da auduga da mazari, gara ya je a wannan rani.